Ra'ayi: Kirista a ƙasar Kurfai, inda tiya ta fi lasifika iya wa'azi

Lahadi ce ranar kasuwa a Filinge, haka ma a Balleyara, a kan hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi arewa maso gabas. Tun rana ba ta ɗaga ba amalanke da motocin kaya ke cika hanya, Fulani da Buzaye su koro dabbobi, matan Zabarmawa da na Kurfayawa su baza hajarsu. Ga mafi yawan jama'ar yankin, wannan ita ce ranar nema. Ga 'yan ƙalilan ɗin Kiristocin da ke zaune a cikinsu, ita ce kuma ranar sujada. Tun daga nan za a gane cewa addinin Kirista a wannan wuri ba zai tafi yadda yake tafiya a Jos ko Kwatano ba, inda gari ke yin tsit da safiyar Lahadi sai ƙarar ganguna daga majami'u.

Ƙaramar hukumar Tondikandiya, mai hedikwata a Damana, tana kudu da Filinge ne a cikin kwarin Dallol Boso, da mutane sama da dubu 100, galibinsu manoman gero da wake. A ƙidayar jama'a ta 2012, fiye da kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar sun ce su Musulmi ne, Kiristoci ko rabin kashi 1 ba su kai ba, kuma su ɗin ma sun fi taruwa a Yamai, Maraɗi, Dogondutsi da ƙasar Gurmawa. Saboda haka Kiristan da za a tarar a Damana ko Filinge, sau da yawa baƙo ne da aiki ya kawo: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, soja, ko ɗan kasuwa daga Benin, Togo ko kudancin Najeriya. Ba shi da taron dubbai da zai shige ciki, ba shi da unguwar da ta zama tasu. Maƙwabcinsa ba zai taɓa jin huɗubar fastonsa ba. Abin da zai gani kawai shi ne yadda mutumin nan yake awo, yadda yake biyan bashi, da ƙarfe nawa yake buɗe ƙofar aji.

Wannan hali, da wasu za su kalla a matsayin rashi, ya fi kusa da ainihin koyarwar addinin fiye da abin da matasa da yawa ke gani yau a manyan birane da shafukan sada zumunta. Ya kamata Kiristan Yamai, Abuja ko Faris ya ɗauki darasi daga ɗan'uwansa na ƙauye.

Gero ne rayuwa a Kurfai, kuma da tiya ake aunarsa. Kowa ya san yadda cinikinsa ke tafiya: da kaka manomi na sayarwa da araha saboda biki, haraji da bashin da ke wuyansa, sai a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi fayau kuma sabo bai nuna ba, ya dawo ya sayi geron nan a hannun wanda ya ɓoye shi da ninkin kuɗi. Wani kuma ya ranta masa damin hatsi bisa sharaɗin ya biya biyu. Shekarun 2005, 2010 da 2012, da ƙarancin abinci ya addabi jihar Tillaberi, sun nuna wa mutane iyakar inda son riba ke kai ɗan Adam. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai annabi Amos, makiyayi ne shi ma, wanda ya yi kaca-kaca da 'yan kasuwar zamaninsa da ke ƙosawa ranar hutun ibada ta wuce don su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su haɗa wa talaka da ƙaiƙayi. Kusan shekara 2,800 ke nan da wannan magana, amma kamar a kasuwar Balleyara aka yi ta. Musulmin da ke tsaye gaban mai awo shi ma ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar wa masu tauye mudu. Wato mai saye da mai sayarwa ma'auni ɗaya suke riƙe da shi, ko da alƙiblarsu ta bambanta. Ɗan kasuwa Kirista da ya danna gindin tiyarsa ciki, ko ya sayar da maganin da wa'adinsa ya wuce, ya gama yi wa garin bayanin addininsa, kuma babu wa'azin da zai goge wannan bayani. In kuwa ya cika awo har ya yi tozo, ya ɗaga wa mai bashi ƙafa zuwa kaka, to shi ma ya yi nasa bayanin.

Ma'aikacin gwamnati kuma jarrabawarsa ta fi wannan ɗaci. Tun 2017 sassa da dama na jihar Tillaberi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, a farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura, ɗaruruwan makarantu kuma sun rufe saboda barazanar 'yan bindiga. Wanda aka tura ƙauye a irin wannan yanayi yana da hujjar gaske ta neman a mayar da shi Yamai, kuma babu mai hankalin da zai zargi wanda ya tsere da ransa. Sai dai akwai wani nau'in guduwa da ya girmi matsalar tsaro: malamin da sunansa ke ƙauye amma jikinsa ke birni sai ƙarshen wata, ma'aikacin likita da ke karkatar da maganin kyauta zuwa shagonsa. Mutanen Tondikandiya ba baƙin wannan zance ba ne. A Fandu aka haifi Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, kuma ko masu sukar tsananin mulkinsa sun yarda cewa a zamaninsa ma'aikaci na tsoron a iske kujerarsa wayam. Abin da Kountché ya nema da tsoron hukunci, manzo Bulus ya nema daga masu bi da tsoron Allah, a wasiƙunsa inda ya hore su da su yi aiki da zuciya ɗaya ko maigida na kallo ko ba ya kallo. Malama Kirista da ke shiga aji a kan lokaci ta koyar da 'ya'yan liman kamar nata, ta yi abin da addininta ya ɗora mata, ko da har ta bar garin ba ta ambaci sunan Yesu a aji ba, wanda dama doka ba ta ba ta damar yi ba.

Tarihin Nijar ma ya nuna haka. Mishan ta SIM ta iso Damagaram tun 1924, kuma in da yawan waɗanda suka karɓi addinin za a auna aikinta, da sai a ce shekara ɗari ta tafi a banza. Amma a tambayi mutumin Madawa ko Ƙonni game da asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Har daga Sakkwato ake kai marasa lafiya can, mafi yawansu Musulmi, su warke su koma gida da addininsu. A yankin Maraɗi kuma, wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya shafe shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa. Shi da kansa yana ba da labarin yadda a 1983, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, yana cikin roƙon Allah ya nuna masa mafita, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da manoma ke sarewa kowace shekara. Da ya duba sai ya ga ashe tohon tsohon kututture ne mai saiwa a raye a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara koya wa manoma su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da Hausawa suka raɗa wa sassaben zamani. Manoma ne suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, har masana ke ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo. Gawo da kalgo da sabarar da suka dawo ba sa tambayar mai gona inda yake ibada.

A nan ne wasu Musulmi kan ce, ai duk wannan tarko ne: a ba ka magani da hatsi don a saye zuciyarka. Zargin yana da tushe, domin an sha samun ƙungiyoyi a Afirka da suka ɗaura taimako da sauya addini, kuma duk inda aka yi haka an ci mutuncin mabuƙaci, an kuma zubar da ƙimar abin da ake kira zuwa gare shi. Amsar tana cikin koyarwar Kiristocin kanta. A misalin da Yesu ya bayar na Basamariyen da ya tsinci wani da 'yan fashi suka yasar a hanya, mutumin ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi, ya kama gabansa. Bai jira ya farfaɗo ya tambaye shi aƙidarsa ba. Duk taimakon da aka saka wa ƙugiya ya saɓa wa wannan misali, kuma Kiristoci ne ya kamata su fara ƙyamarsa kafin kowa.

Daga ɓangaren Kiristoci ma akwai masu ƙorafi. Su kuma cewa suke wannan addini na shiru tsoro ne aka yi wa ado, wai an umurce su da shela, ba da ɓuya ba. Gaskiya ne cewa wanda aka tambaya game da bangaskiyarsa bai kamata ya yi ƙarya ko ya yi kame-kame ba. Amma masu wannan magana sukan yi ta ne daga inda ba a ƙona musu komai ba.

Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin da mujallar Charlie Hebdo ta buga a Faris ta rikiɗe ta zama farmaki kan Kiristocin Nijar, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutum 10 suka mutu, 'yan sanda kuma suka ce an cinna wa majami'u 45 wuta a Yamai, ban da makarantu da gidan marayu da shaguna. Abin da ya biyo baya shi ne ya cancanci a tuna. Ba a ji an kai harin ramuwa ko a masallaci guda ba. Shugabannin Katolika da na sauran majami'u sun fito sun yi kiran gafara, masu bi suka koma sujada a cikin gine-ginen da suka yi baƙi da hayaƙi. Kuma a cikin waɗancan kwanaki biyu, akwai iyalai Kiristoci da maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu. Mutum ba ya sa ransa a haɗari don baƙon da bai sani ba sai nadiran. Yakan yi ne don wanda suka shekara goma suna gaisawa, wanda ya zo masa ta'aziyya, wanda matarsa ta kama wa tasa aiki ranar suna. Zaman yau da kullum da ake rainawa shi ne ya zama katanga ranar da jami'an tsaro suka makara.

Bayan haka wutar ta matso cikin jihar Tillaberi kanta. A daren 17 ga Satumban 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga gidansa a Bomoanga kusa da Makalondi, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai a Oktoban 2020 a Mali, kuma da ya fito ya faɗa a fili cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. A Mayun 2019 an harbi limamin cocin Dolbel an raunata shi, a Mayun 2021 kuma aka kai hari Fantio aka kashe mutane aka lalata cocin garin. To amma duk mai son gaskiya ya san cewa mafi yawan waɗanda 'yan bindigar nan suka kashe Musulmi ne. Mutum 58 da aka hallaka a Maris na 2021 suna dawowa daga kasuwar Banibangu, a arewa da Filinge, da mutum 44 da aka kashe a masallacin Fambita ana sallar Juma'a a Maris na 2025, ba don suna zuwa coci aka kashe su ba. Kiristan da ya fahimci wannan ba zai ɗauki kansa shi kaɗai ne abin tausayi ba, ba kuma zai kalli maƙwabcinsa mai rawani a matsayin ɗan leƙen asirin maharan ba. Zai je gaisuwar mutuwa ya zauna a tabarma ɗaya da mutane, don makokin na gari ne gaba ɗaya.

Gafara dai ba ta ɗauke wa hukuma nauyinta. Wanda aka ƙona wa gida yana iya yafewa tsakaninsa da Allah, ya kuma nemi a hukunta mai laifi a biya shi diyya, babu saɓani a ciki. Kuskure ne a riƙa yabon haƙurin 'yan tsiraru a matsayin hanyar rufe musu baki, kamar yadda kuskure ne su ma su mayar da abin da aka yi musu jarin neman tallafi daga ƙetare ta hanyar zuzuta shi.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma da su ake zama. Watan azumi ya kama, Kirista ba ya azumin Ramadan, babu kuma wanda ya tilasta masa, sai dai tsayawa a bakin kasuwa da tsakar rana yana kwankwaɗar ruwan sanyi a gaban masu ƙishirwa rashin ta-ido ne. Bulus ya yi doguwar magana a kan irin wannan: abu na iya halatta ga mutum, amma ya bar shi don kada ya zama sanadin tuntuɓen wani. Haka batun giya, haka sutura, haka ƙarar kiɗa da daddare. Naman layya kuwa, Kiristoci sun sha bamban a kansa, wasu na ci wasu na ƙauracewa, amma ko wanda ba zai ci ba yana iya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ranar Kirsimeti shi ma ya aika da tasa shinkafar. Matan majami'u, ta ƙungiyoyinsu na Zumuntar Mata da aka sani daga Maraɗi har Kaduna, sun fi maza iya wannan siyasa ta kwano da murfi, kuma ba a cika ba su yabon da suka cancanta ba.

Mai ɗauke da kaya mafi nauyi shi ne ɗan gari da ya sauya addini. Baƙo in abu ya yi zafi yana da inda zai koma, shi kuwa gidansu ne ke juya masa baya: a janye masa mata, a hana shi gona, a daina cin abinci da shi. Wasu majami'u kan yi saurin ɗauke irin wannan mutum su kai shi birni, su yanke shi daga danginsa gaba ɗaya. In ransa na cikin haɗari, wannan dole ne. In ba haka ba, umurnin girmama uwa da uba yana nan daram a cikin dokoki goma, bai faɗi don iyayen sun yi fushi ba. Ɗan da ya ci gaba da aiko da buhun gero da kuɗin magani ga mahaifin da ya kore shi ya fi kusa da abin da ya ce ya gaskata fiye da wanda ya koma yana zagin addinin iyayensa a bainar jama'a.

Matasan Kurfai da Zabarmawa sun san ci-rani tun kakanni, Akara, Kumasi, Abijan, Legas, yanzu har Aljeriya, Libiya da Turai. Musulmin Filinge da ya sauka a Gana, inda ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin 100 Kiristoci ne, shi ma ya ɗanɗana zaman 'yan tsiraru, ya kuma san cewa da halinsa ake yi wa dukan mutanen zango hukunci. A can ne babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika ta Christ the King a Akara ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, bai kuma fasa zama limami ba. Wanda ya ga irin wannan a ƙasar mutane ya dawo gida yana tsangwamar malamin makarantar ƙauyensu don ba ya salla, bai amfana da tafiyarsa ba.

Shi ma matashi Kirista da ya bar gida yana da nasa tarkon. A manyan birane zai tarar da majami'un da suka mayar da bangaskiya kamar caca: ka ba da baiko mai tsoka, Allah ya ninka maka, biza ta fito, mota ta zo. Ana iya samun saurayin da bai taɓa fashin ba fasto rabonsa ba, amma wata uku bai je Nita ko Al-Izza ya tura wa tsohuwarsa ko jika biyar ba, alhali wasiƙar Bulus zuwa ga Timoti ta yi tir da mai bin da ya yi watsi da mutanen gidansa, wasiƙar Yaƙub kuma ta ɗauki kula da marayu da gwauraye a matsayin ma'aunin addini na gaskiya. Ɗaya tarkon kuma yana cikin aljihunsa. A Facebook da TikTok an buɗe fagen muhawarar addini da Hausa, inda ake gasar wanda ya fi iya muzanta abin da wani ke girmamawa, kuma da yawa daga cikin masu zafin baki, na kowane ɓangare, suna zaune ne a inda babu abin da zai same su. Bidiyon da aka ɗauka a ɗaki a Brussels ko Legas na isa wayoyin Damana a cikin minti ɗaya. Mai maganar zai kashe wayarsa ya yi barci, ma'aikaciyar jinyar da ke kwana ita kaɗai a ɗakin da ke bayan likitar ƙauye ita ce za ta fito da safe ta fuskanci mutanen da suka kalla. Zanen 2015 ma a Faris aka yi shi, a Damagaram aka binne gawawwaki.